Katakon Roba a Kan Sikeli: Ƙarfinsa, Rauninsa, da Matsayinsa Cikin Sauran Katakai



Mai girma shugaban wannan taro, malamaina na sashen aikin katako, shugabannin kafintoci da na 'yan kasuwar katako da suka rufe rumfunansu suka zo, iyayenmu mata da na hango a layin gaba, ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama bisa gayyatar da suka yi mini, Allah ya saka da alheri.

Maganar da zan yi yau a kan katakon bishiyar roba ce: nauyinsa, ƙarfinsa, yadda yake mu'amala da danshi, da yadda yake idan aka jera shi da katakan da hannunmu ya saba da su, wato iroko, madaci, tik da obeche. Wani zai ce, mu da robar ba ta fitowa a ƙasarmu ta Arewa, ina ruwanmu da katakonta? Amsar tana cikin shagunan kayan ɗaki. Da yawa daga teburan cin abinci da kujerun da ake shigowa da su daga Maleshiya da Sin, waɗanda iyaye ke saya wa amare da tsada, da wannan katako aka yi su. Yana cikin gidajenmu, kafintocinmu na gyara shi idan ya lalace, amma kaɗan ne suka san sunansa. Abin da nake so mu tashi da shi a nan shi ne: ƙarfin katako abu ne daban, daɗewarsa kuma abu ne daban, kuma babu itacen da ya fi na roba nuna wannan bambanci a fili.

Na ɗaya: daga ina ya fito?

Bishiyar roba, wadda masana tsirrai ke kira Hevea brasiliensis, asalinta dajin Amazon ne a Barazil. A shekarar 1876 wani Bature ɗan Ingila, Henry Wickham, ya kwashi iri kimanin 70,000 ya kai lambun Kew da ke Landan. Daga can aka aika da dashe zuwa Siri Lanka da Singafo, inda Henry Ridley, wanda ya karɓi shugabancin lambun tsirrai na Singafo a 1888, ya gyara hanyar tsaga bawon bishiyar a tatsi ruwanta ba tare da an kashe ta ba. Yau Tailan ce kan gaba a duniya wajen noman roba, a Afirka kuwa Kodebuwa ce.

Ana fara tatsar bishiyar tana da shekara 5 zuwa 7. Idan ta kai 25 zuwa 30, ruwan ya ja baya, sai a sare ta a dasa sabuwa. To, ina ake kai tsofaffin? Shekaru da dama ƙone su ake yi a gona, ko a yi makamashi da gawayi da su. Babu mai kallonsu a matsayin katako, domin kafin a ankara sun yi baƙi, ƙwari sun cinye su. Sai a ƙarshen shekarun 1970 zuwa cikin 1980 masu bincike a Maleshiya, musamman na cibiyar binciken gandun daji da ke Kepong, suka daidaita hanyar sa masa magani da busar da shi. Daga nan labari ya canja. Garin Muar na jihar Johor ya zama cibiyar kayan ɗaki, har aka wayi gari mafi yawan kayan ɗakin katako da ƙasar ke fitarwa waje na roba ne. Tailan ma, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a kudancinta a ƙarshen 1988, ta hana sarar itatuwan dajinta a 1989, masana'antunta suka koma kan roba.

Ku lura da wannan tun yanzu, domin zai yi mana bayanin abubuwa da yawa a gaba: ba don katako aka shuka wannan bishiya ba. Don ruwanta aka zaɓi irinta, don ruwanta aka raine ta.

Na biyu: nauyi

Abu na farko da kafinta ke yi idan an miƙa masa katakon da bai sani ba shi ne ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Masu ɗakin gwaji ma daga nan suke farawa. Suna auna nauyin curin katako mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, tsayin mita ɗaya, bayan ya bushe. Na roba yana kamawa daga kilo 560 zuwa 640. Obeche kimanin 380 ne. Tik da iroko suna wajen 650 zuwa 660. Madacinmu na Arewa ya ɗara su, yana kusantar 800, kirya kuwa ta haura 900.

Bari in kawo shi kusa. Ku ɗauki tu-bai-fo mai ƙafa 12. Idan na obeche ne, zai yi wajen kilo 7. Na roba, kilo 11. Na iroko, 12. Na madaci, 14. Kun ga ke nan roba ya fi kusa da jan katako a nauyi, duk da cewa launinsa fari ne mai ratsin ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan launi shi ke ruɗar mutane. A kasuwanninmu mun raba katako gida biyu, ja da fari, muna ɗaukar ja mai ƙarfi, fari mara ƙarfi. Rabon yana da gaskiya a wurare da yawa, amma a kan roba bai ci ba.

Na uku: ƙarfi

A nan sai kun yi haƙuri da ni, akwai lambobi, amma kowace lamba tana amsa tambayar da ku kanku kuke yi a wurin aiki. Lambobin matsakaita ne na busasshen katako mara aibi. Bishiya da bishiya sukan bambanta.

Tambaya ta farko: idan na ɗora kaya a tsakiyar katako, yaushe zai karye? Ana auna wannan da ma'aunin megafaskal, kowane ɗaya daidai yake da matsin kilo 10 a kan ɗan fili mai santimita ɗaya kowane gefe. Roba yana karyewa tsakanin 66 da 72. Obeche wajen 60. Iroko wajen 88. Tik wajen 97. Itacen oak na Turai da Amurka kuwa yana kusa da 100. Na ambaci oak ne domin 'yan kasuwa sukan sayar da roba da sunan Malaysian Oak, alhali babu dangantaka tsakanin bishiyoyin biyu, kuma a wannan ma'auni roba bai wuce kashi biyu cikin uku da ɗan ɗori na ƙarfin oak ba. Mai saye ya kamata ya san haka.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci ga mai yin kanta ko akwatin littattafai: kafin ya karye, yaya zai lanƙwasa? A nan taurin roba kimanin megafaskal 9,000 ne, iroko 9,400, obeche 6,700, tik 12,300. Ku dubi roba da iroko, kusan kunnen doki suka yi. Tik ne ya yi musu nisa. Ma'ana, idan ka yi kanta biyu masu girma ɗaya, ka ɗora musu kaya iri ɗaya, ta tik za ta sunkuya kashi uku cikin huɗu ne kawai na yadda ta roba za ta sunkuya. Shin wannan ya kashe maganar roba? Ko kaɗan. Taurin katako wajen lanƙwasa yana ƙaruwa da kaurinsa ninkin-ba-ninki. Idan kantar tik kaurinta santimita 2 ne, ka yi ta roba santimita 2.2, sun kusan zama ɗaya. Milimita biyu kacal! Ɗalibai, ku rubuta wannan, domin irin wannan lissafi shi ke raba kafinta mai ilimi da mai kwaikwayo.

Tambaya ta uku: ƙafar kujera fa, wadda nauyi ke danna ta daga sama? Guntun roba mai santimita 4 kowane gefe yana iya ɗaukar fiye da tan 5 kafin ya murƙushe. Wa ke da wannan nauyi a cikinmu? Don haka idan aka kawo maka kujerar roba ta karye, kada ka yi saurin zargin itacen. Dubi mahaɗa. Galibi a can matsalar take: gam ya saki, ko ramin ya yi wa harshen yawa, ko an buga ƙusa a bakin katako ya tsage.

Tambaya ta huɗu: taurin fuska. Idan cokali ya faɗo, ko yaro ya buga abin wasa, tebur zai lotsa? Gwajin da ake yi ya samo suna daga Gabriel Janka, wani mai bincike na ƙasar Ostiriya. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11 da ɗoriya har rabinsa ya nutse a cikin katako, a duba ƙarfin da aka yi amfani da shi. Roba yana buƙatar kimanin kilo 435. Tik 480. Iroko 570. Obeche 195 kawai, shi ya sa farce ma ke yi masa shaida. A nan roba yana dab da tik, kuma ya ninka obeche fiye da sau biyu.

Hukuncina a kan wannan babi a taƙaice yake. Ga tebur, kujera, gado, kabad da kayan kicin, ƙarfin roba ya isa har da saura. Ga rufin gini mai faɗi ko gada, ba wurinsa ba ne, kuma za ku ji ƙarin dalili.

Na huɗu: danshi, da abin da hunturu ke yi

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye.

Katako ko an sare shi shekara hamsin, bai daina shan danshi daga iska yana mayarwa ba. Idan ɗanye ne, ruwan da ke cikin ramukansa ne ke fara fita, girmansa bai canjawa. Sai danshin ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari ko kusa da haka, sannan ruwan da ke jikin zaren itacen ya fara fita, katako ya fara tsukewa. Kuma ba ya tsukewa daidai ta kowane gefe. Ta tsawo kusan babu. Ta hanyar da ta taso daga tsakiyar gungume zuwa bawo, kaɗan. Ta hanyar da ta bi zagayen gungumen, kusan ninki biyu. Wannan rashin daidaito shi ke sa falanki ya yi kwari kamar zai rufe.

Daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, roba yana tsukewa kimanin kashi 2.3 ta gefen farko, 5.1 ta na biyu. Tik 2.6 da 5.3. Iroko 2.8 da 3.8. Jan oak na Amurka 4 da 8.6. Kun ji? Roba da tik kafaɗa da kafaɗa suke, kuma ya fi oak natsuwa nesa ba kusa ba. Iroko ya fi su duka daidaito tsakanin gefen biyu, shi ya sa ƙofar iroko ba ta cika murɗewa ba.

To idan haka ne, me ya sa teburin da aka sayo da kuɗi masu yawa yake tsagewa a watan Janairu?

Ga dalili. A masana'anta ana busar da roba zuwa danshi kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Wannan ya dace da gidajen Turai da Amurka da Japan, inda aka fi kai kayan. Sannan kayan su kwana a jirgin ruwa, su sauka Legas cikin laima. A Kano ko Katsina ko Maraɗi, da hunturu, laimar iska da rana takan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Katakon da ya zauna cikin irin wannan iska yana saukowa zuwa danshi kashi 4 ko 5. Da damina kuma, a watan Agusta, laimar ta haura 70, katakon ya koma 13 zuwa 16. Kowace shekara sai ya yi wannan tafiya, zuwa da dawowa.

Mu yi lissafi tare. Tebur mai faɗin santimita 90, ya sauko daga danshi 12 zuwa 4. Idan na roba ne, faɗinsa zai ragu da rabin santimita zuwa santimita ɗaya da ɗan ɗori, gwargwadon yadda aka yanka falankan. Idan na jan oak ne, zai iya kai santimita 2. Yanzu ku ɗauka an ɗaure wannan fuskar tebur da sukurori ta ko'ina a kan firam ɗin da ba ya motsi. Katako yana son ya tsuke, an hana shi. Ina ƙarfin zai tafi? Sai ya nemi wuri mafi rauni, ko layin gam ko wata tsohuwar tsaga, ya buɗe. Wasu cikinku sun taɓa jin ƙarar da dare, tas, kamar an karya kara.

Maganin ba tsada gare shi ba. A yi ramin sukurori mai ɗan tsawo ta gefen faɗin tebur, domin fuskar ta samu wurin motsi. A shafa fenti ko man ƙyalli a sama da ƙasa da baki, domin idan fuska ɗaya aka rufe, ɗayar ce kaɗai ke shan iska, falankin ya lanƙwashe. Katakon da aka kawo daga Kudu a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya sha iskar garin makonni kafin a sa masa zarto. Na san mai aiki yana matsa lamba, biki saura sati biyu. Amma sunan kafinta ne ke tsagewa tare da teburin. Wannan shawara ba ta roba kaɗai ba ce, ta kowane katako ce da ya hau mota daga Sapele ko Benin ya nufo Arewa.

Na biyar: daɗewa

Yanzu mun zo inda roba ya faɗi, kuma faɗuwar ba ƙarama ba ce.

Idan ka yanka gungumen iroko ko tik ko madaci, za ka ga launi biyu: farin da ke kusa da bawo, da jan da ke ciki. Wannan na cikin bishiyar ta cika shi da wasu sinadarai da gara da fumfuna ba sa so. Tik har da maiƙo gare shi, wanda ya sa aka daɗe ana yin jiragen ruwa da shi. Gungumen roba kuwa, daga bawo har tsakiya launi ɗaya ne. Babu wannan kariya. Abin da ke ciki maimakon haka shi ne sitaci da sukari masu yawa, abincin da bishiyar ta tara. Ga ƙwari, gungumen roba rumbu ne cike da hatsi wanda aka bari ba murfi.

Cikin 'yan kwanaki da sarewa, fumfuna ke shiga ta bakin gungumen, ta bar shuɗi-shuɗin baƙi wanda samfefa ba ta fitar da shi, domin ya ratsa ciki. Wannan tabon bai cika rage ƙarfi ba, amma ya kashe kasuwar katakon. Bayanta sai ƙananan ƙwari masu huda. Uwar takan sa ƙwai a cikin ramukan itacen, tsutsotsin su yi watanni suna ci daga ciki, waje lafiya lau. Ranar da uwargida za ta gane ita ce ranar da ta zo shara ta ga ɗan tulin gari mai laushi a gindin ƙafar tebur, ta ɗaga kai ta ga ramuka kamar na allura. Lokacin an riga an yi ɓarna. Idan kuma aka kafa roba mara magani a ƙasa, gara da ruɓa ba za su bar shi ya kai shekara biyu ba, alhali ginshiƙin kirya ko azarar giginya suna ganin jikoki.

Obeche ma yana da irin wannan rauni, kun sani. Bambancin shi ne obeche ba ya yaudarar kowa, da ka ɗaga ka san matsayinsa. Roba kuwa yana da nauyi da tauri, sai mutum ya ɗauka zai jure duk abin da iroko ke jurewa.

Sa'ar da aka yi ita ce, rashin wannan jan ciki ya sa magani ke ratsa roba cikin sauƙi har tsakiya. A Maleshiya da Tailan ƙa'idar ita ce a yanka gungume cikin 'yan kwanaki da sarewa. A zuba falankan a cikin babbar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, a tura ruwan maganin boron da matsi, sannan a kai su ɗakin busarwa na mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon kauri. Boron ba shi da launi, kuma haɗarinsa ga mutum kaɗan ne idan aka kwatanta da magungunan katako masu guba, shi ya sa ya dace da kayan ɗaki. Amma ruwa yana wanke shi. Ina roƙonku ku riƙe wannan: ko da magani, roba katakon cikin ɗaki ne. Ba na tsakar gida ba ne, ba na ƙofar banɗaki ba, ba na tagar da ruwan sama ke duka ba.

Ta yaya ɗan kasuwa zai san an sa maganin, tunda ba ya da launi? Akwai gwaji mai sauƙi da kurkum, wannan dai na girki. Ana yanka bakin falanki, a fesa ruwan kurkum da aka jiƙa a sifirit, ya bushe, a bi shi da wani ruwan asid da masu ɗakin gwaji ke haɗawa. Duk inda boron ya kai sai ya koma ja, inda bai kai ba ya zauna rawaya. Idan ja ya tsaya a gefe-gefe, tsakiya rawaya, to tsoma shi kawai aka yi. Ina ganin babu abin da zai hana ƙungiyar 'yan katako ta haɗa kai da sashe irin wannan a riƙa yi wa mutane wannan gwaji.

Na shida: a hannun kafinta

Ga guntu nan na zo da shi, a miƙa shi ya zagaya, gani ya kori ji. Ku dubi fuskar da kyau. Za ku ga ba falanki ɗaya ba ne, ƙananan guntaye ne aka haɗa, kuma a bakin kowane akwai haƙora da suka shiga cikin juna kamar zigizag. Dalili shi ne gungumen roba siriri ne kuma gajere, galibi ba ya kai mita 2 a wurin yanka. Ƙasan bishiyar kuma yana ɗauke da tabon wuƙar masu tatsa na shekara ashirin. Sai a yanke aibin, a haɗa masu kyau da gam su zama babban allo. Allon da aka haɗa haka, idan gam ɗin na kirki ne, ya fi falanki guda natsuwa, domin kowane guntu yana riƙe maƙwabcinsa. Amma wannan ne ƙarin dalilin da na ce ba a rufin gini da shi.

Akwai wani aibi da ya samo asali daga rayuwar bishiyar. Idan iska ta karkata ta, sai ta gina wani irin zare ta gefen sama don ta janyo kanta ta miƙe. Wannan zare yana da yawa a roba. Shi ke sa fuskar katako ta yi gashi-gashi bayan an goge, shi ke sa falanki ya yi baka bayan bushewa, domin yana tsukewa ta tsawo. Wuƙa mai kaifi sosai ita ce maganin gashin. Sauran danƙon da ke jiki yakan toshe haƙoran zarto, sai ana sharewa. Wajen ƙusa, a fara huda rami, musamman kusa da baki. Ban da waɗannan, itace ne mai biyayya: yana karɓar gam, yana shan kala yadda kake so, har a mayar da shi kamar mahogani. Ga mai saye kuma, ya leƙa ƙarƙashin tebur ya duba baki. Idan bai ga haƙoran nan ko layin itace ba, mai yiwuwa garin katako ne aka matse aka lulluɓe da fallen filastik, kuma wannan wani abu ne daban, ruwa kaɗan ke kumbura shi.

Na bakwai: ina muka tsaya?

Najeriya tana da gonakin roba a Edo, Delta, Kuros Riba, Ondo da Ogun, kuma tana da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, da ta binciken gandun daji a Ibadan. Kowace gona da aka sabunta, gungume ne ke faɗuwa. A ɗaya gefen kuma, mun ga abin da ya sami madobiya. Cikin 'yan shekaru aka yi ta sarar ta a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodi zuwa Sin, har ta kai aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Iroko da mahogani masu faɗi kuwa, dattawan kasuwa da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda suke ƙaranci da tsada.

Shin daidai ne mu sare bishiyar da ta yi shekara ɗari a daji don mu yi teburin da ba zai taɓa ganin ruwan sama ba, alhali ga itacen da za a sare ko muna so ko ba ma so? A ganina iroko da tik a bar wa ƙofar waje da taga da duk inda rana da ruwa ke duka. Teburin karatu na 'yan makaranta, gadon asibiti, kujerar falo, roba zai ɗauke su.

Sai dai kada a fahimce ni baibai. Wannan hujja tana tsayawa ne a kan tsofaffin bishiyoyin gonar da ta riga ta wanzu. Inda aka share daji aka dasa roba, kamar yadda ya faru a sassan kudu maso gabashin Asiya da ma Afirka, an yi asarar da katakon ba zai biya ba. Kuma ba a fara wannan sana'a da zarto kaɗai. Dole tukunyar magani da ɗakin busarwa su kasance kusa da gona, domin gungumen ba zai jira tafiyar kwana da kwanaki zuwa Arewa ba. Abin da zai iso mana shi ne allon da aka gama, kuma mu ne za mu ce wa masu yin sa su busar da shi daidai da iskarmu, ƙasa da yadda ake busar wa Turai. Maleshiya ta kai ga fitar da irin roba mai ba da ruwa da katako tare tun shekarun 1990. Masu sabunta gonaki a Kudu suna iya duba wannan tun ranar dashe.

Mai girma shugaba, na ga lokaci ya ja, a nan zan dakata.  Guntun katakon yana nan yana zagayawa, wanda bai taɓa ba ya taɓa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma ina so musamman in ji daga waɗanda suka taɓa gyara irin waɗannan kaya a rumfunansu, su faɗa mana ta ina suka ga sun fi lalacewa.